Sakaci ko Ƙaddara: Alhakin Wanda Ya Riƙe Shafin Jama'a

Kusan duk shafin intanet da ke karɓar hotuna yana ɗauke da wata 'yar manhaja wadda ba ta da aiki sai rage girman hoto. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabayit uku zuwa biyar, kuma da za a ɗora shi yadda yake, ɗalibar da ke Ribah ko Dirin Daji tana neman sunanta cikin waɗanda makaranta ta ɗauka sai datarta ta ƙare shafin bai gama buɗewa ba. Don haka aikin wannan 'yar manhaja alheri ne, musamman a ƙasar Zuru inda sabis yakan ɗauke da zarar an yi nisa da gari. Sai dai da wuya a sami wanda ya gina shafi kuma shi ya rubuta ta da hannunsa. Ɗaukowa yake yi kyauta daga wani da bai taɓa gani ba, ya liƙa, ya ga hotuna sun fito daidai, ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Mai shafin kuwa, shugaban makaranta ne ko sakataren ƙungiyar manoma, bai ma san da zamanta ba. To idan aka wayi gari ɓarawo ya shigo ta wannan kafa ya kwashe bayanan mutane, a wuyan wa alhakin yake? Wannan tambaya ce ta fiƙihu tun kafin ta zama ta injiniyoyi, kuma amsar da zan kare ita ce, dogaro da abin da mutum bai iya bincika da kansa ba laifi ba ne, amma dogaron yana da wa'adi, kuma wanda ya bar wa'adin ya wuce bai waiwaya ba ya tashi daga amintacce ya koma mai sakaci.

Abin ya taɓa faruwa, kuma ya kamata a dube shi kusa da kusa. A shekarun da suka gabaci 2011 akwai wani fayil guda ɗaya mai suna TimThumb, wanda wani Baturen Ingila, Ben Gillbanks, ke kula da shi. Masu ƙera rigunan manhajar gina shafuka ta WordPress, wato tsarin kwalliyar da ake saya ko a ɗauka kyauta a sanya wa shafi, sun so shi ƙwarai, suka riƙa cusa shi cikin rigunansu. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ya ɗauko hoto daga wasu shafuka da aka yarda da su, irin su Flickr da Blogger da Photobucket, ya rage shi, ya ajiye kwafi a wata jaka cikin shafin don kada ya sake wahalar ɗaukowa. Kuskuren yana wurin tantancewa. Maimakon ya tabbatar adireshin na Blogger ne, sai kawai ya duba ko sunan Blogger ya bayyana a wani wuri cikin adireshin. Mai kutse sai ya buɗe nasa shafin, ya sa sunan Blogger a farkon adireshinsa, ya ajiye fayil mai kan hoto amma cikinsa umarni ne. TimThumb ya ɗauko da hannunsa, ya ajiye a jakar da kowa ke iya kaiwa gare ta daga waje, mai kutsen ya kira fayil ɗin, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta ta fara yi masa biyayya. A farkon Agustan 2011 wani mai suna Mark Maunder, wanda aka yi wa nasa shafin kutse, ya bi sawu har ya gano kafar, ya sanar da duniya, ya kuma sa hannu aka sake rubuta manhajar. Cikin kwanaki faci ya fito.

Da a nan labarin ya tsaya da babu abin tattaunawa. Amma da yake TimThumb a ɓoye yake cikin riga, sabunta WordPress ba ya taɓa shi, kuma ko rigar da aka daina amfani da ita aka bar ta a ajiye, kafarta a buɗe take. A Yunin 2014 aka sake gano wata ɓaraka a wani sashensa, a Satumbar wannan shekara Gillbanks ya fito fili ya ce ya daina kula da shi, kowa ya nemi wani. Duk da haka, a 2016 kamfanin tsaro na Sucuri ya fitar da rahoto kan shafukan da ya wanke bayan kutse, sai ga TimThumb cikin manhajoji uku da aka fi shiga ta cikinsu. Shekara biyar ke nan bayan Maunder ya yi shela. Fayil ɗin dai guda ne, kuskuren guda ne, amma wanda aka shiga shafinsa a Yulin 2011 da wanda aka shiga nasa a 2016 ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma duk maganata a kan wannan bambanci ta ginu.

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun daɗe da rarrabe irin hannun da dukiyar wani ke shiga. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya idan ta salwanta sai in ya ƙetare iyaka. Malaman mazhabar sun ƙara bayani cewa barin ajiya a wurin da ba a saba ajiye irinta ba sakaci ne, kuma sakaci yana jawo biya. Mai sana'a kuwa, tela ko marini ko maƙeri, wanda ya kafa kansa yana karɓar kayan jama'a ya tafi da su inda mai kaya ba ya gani, an tsananta masa: yana biya, ko da lada ya yi aikin ko kyauta, sai fa in akwai shaidar cewa kayan sun halaka ba da hannunsa ba. Asali da ma amintacce ne shi ma, amma aka fitar da shi daga wannan sauƙi saboda maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun kai masa kayansu, ba su kuma da hanyar sanin abin da ya yi da su a bayan idonsu. Shaɗibi ya kawo wannan hukunci cikin misalan maslaha da Sahabbai suka yi aiki da ita. Wanda ya duba dalilin zai ga bai taɓa dacewa da wani kamar yadda ya dace da mai gina shafi ba. Uban yaro ya miƙa hoton ɗansa da lambar NIN da lambar wayarsa da sunan ƙauyensu domin ba shi da zaɓi, fom ɗin ba ya wucewa sai an cike, kuma bayan ya danna ba shi da idon da zai ga inda aka ajiye su. Mai makaranta mai riƙon ajiya ne, wanda ya gina masa shafin mai sana'a ne, kowannensu da gwargwadon nauyinsa.

Za a ce, ai ɓarawo shi ya yi sata, me ya sa za a bar shi a kama mai gida? Akwai gaskiya a ciki, domin ƙa'ida ce sananniya cewa idan wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi suka haɗu, ana fara jingina abin ga mai aikatawa. Zunubin mai kutse nasa ne cikakke, ba a rage masa komai don ya tarar da ƙofa a buɗe. Amma wannan ƙa'ida ba ta wanke mai riƙon amana, domin shi tsarewa ita ce ainihin abin da ya ɗauka. Mai wucewa da ya ga ƙofar wani a buɗe bai rufe ba, an ce bai kyauta ba. Wanda aka damƙa wa makullin ya bar ta a buɗe, ya karya alkawari. Laifi biyu ne daban, na farko ba ya haɗiye na biyu. Kuma wannan ba fahimtar Musulmi kaɗai ba ce, abin da ya kamata a faɗa a gari irin Zuru inda masallaci da coci ke maƙwabtaka, wani lokacin ma a gida ɗaya. A Littafi Mai Tsarki, Littafin Fitowa sura ta 22 ya bambanta hukuncin ajiya da na kiwo da na aro, Kubawar Shari'a sura ta 22 kuma ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga don kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidansa. Mai gidan bai tura kowa ba, amma an ɗora masa nauyin hango faɗuwar.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Yaya za a tuhumi mutum da sakaci a kan abin da ba ya iya karantawa? Shugaban makarantar da ke Mahuta bai san harshen PHP ba, har yaron da ya gina masa shafin ma, mai yiwuwa a kafe ya koyi aikin, ba zai iya gane kuskuren tantance adireshi ba ko an buɗe masa fayil ɗin a gabansa. Dubban ƙwararru sun yi shekaru suna amfani da TimThumb ba su gani ba. Addini kuma bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta ba. Na yarda da duk wannan, shi ya sa ban ce wajibi ne kowa ya karanta rubutun manhaja ba. Amma Musulmi sun taɓa fuskantar irin wannan matsala a kan abin da ya fi shafin intanet girma nesa ba kusa ba. Mutumin ƙarni na uku bayan Hijira ba shi da hanyar komawa Madina ya ji da kunnensa ko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi wata magana. Malaman hadisi ba su ce to a karɓi komai ba, ba su kuma ce a watsar da komai ba. Sai suka mayar da bincike kan mai kawo labarin: wane ne shi, daga wa ya ji, an san shi da gaskiya, an san shi da kiyayewa, me abokan zamaninsa suka ce a kansa. Abin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne babin maruwaicin da ya rikice a ƙarshen rayuwarsa. Mutum ne amintacce, amma tsufa ko makanta ko ƙonewar littattafansa ta sa haddarsa ta lalace, sai malamai suka ce abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar karɓaɓɓe ne, na bayanta kuma a dakata. Ba su ɗauki aminci a matsayin tambarin da ake bugawa sau ɗaya ya zauna har abada ba. Sun ɗaure shi da lokaci.

Irin wannan bincike kowa yana iyawa, ko bai san harafi ɗaya na rubutun kwamfuta ba. A ma'ajiyar manhajojin WordPress, gefen kowace manhaja an rubuta sunan mai ita, da ranar da aka sabunta ta a ƙarshe, da yawan shafukan da ke amfani da ita, da ƙorafin da mutane suka shigar da ko an amsa musu. Idan ta daɗe ba a gwada ta da sababbin fitowar WordPress ba, akan liƙa gargaɗi a samanta. Wanda ya ga shekara uku ba a taɓa manhaja ba, ya ga tambayoyi jibge babu amsa, ya liƙa ta duk da haka a shafin da ke karɓar bayanan yara, ba jahilcin PHP ne ya kayar da shi ba. Haka wanda ya ɗauko rigar kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta a wasu shafuka, wannan ya karɓi ruwaya daga wanda ya riga ya san ɓarawo ne, ga shi kuma ba za ta taɓa samun sabuntawa ba. Shi ma mai makaranta yana da tambayoyin da suka rataya a kansa, kuma ba su fi ƙarfinsa ba: me da me aka liƙa a shafin nan, wa zai riƙa duba su, duk wata nawa, nawa ne ladan duban, in ka bar gari wa zai gaje ka. A nan ne galibi ake faɗuwa, domin al'adarmu ita ce a biya kuɗin gini sau ɗaya, a yi bikin buɗewa, a ɗauka an gama. Kwangilar ba ta ambaci kulawa ba, mai ginin ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja, kalmar sirrin ma ta tafi tare da shi.

Akwai masu cewa, wa ya damu da shafin wata 'yar makaranta a kudancin Kebbi? Wannan tunani yana ɗauka cewa mai kutse mutum ne da ke zaune yana zaɓen wanda zai cuta. A zamanin TimThumb ba haka aka yi ba, yanzu ma ba haka ake yi ba. Manhaja ake saki tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, tana ƙwanƙwasa inda aka san fayil ɗin yakan zauna, duk inda ya amsa ta shige. Ba ta san Zuru ba, ba ta san Landan ba. WordPress yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, shi ya sa kafa guda a cikinsa ta isa a yi mata injin. Shafin da aka kama kuma ana iya mayar da shi wurin aika saƙon damfara, ko ya riƙa tura masu ziyara zuwa shafin caca ko na batsa da sunan makarantar a sama. Sannan a ƙasar nan bayanan ba ƙaramin abu ba ne. Masarautar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, ta sha wahalar 'yan bindiga, kuma ba a manta da ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a Yunin 2021 ba. Kowa ya san irin ɓarnar da infoma ke yi, ya kuma san abin da ake biyansa ya kawo: ɗan wane ne, ina yake kwana, wace lamba za a kira. Jerin sunaye da hotuna da lambobin iyaye shi ne wannan bayani a tattare wuri guda. Wanda ya tara shi ya ɗauki nauyin da ya wuce na kuɗi, ko da kuwa ba a taɓa taɓa shi ba. Mai gidan da ya ƙarfafa ƙyauren zaure ya bar rariya a buɗe ba ya cewa ai ƙarama ce.

Saura maganar ƙaddara, wadda ita ce mafakar ƙarshe. A nan ma akwai misalin da ke goyon bayan mai wannan hujja, ba zan ɓoye shi ba. A Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye cikin manhajar xz, wadda ake amfani da ita a kusan kowace kwamfutar Linux. Wanda ya dasa ta, da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar da gyare-gyare na gaskiya har aka amince masa. Duk tambayoyin da na lissafa a sama, xz za ta ci jarrabawarsu. A fagen hotuna ma haka: ɓarakar ImageMagick ta Mayun 2016 da ta WebP ta Satumbar 2023 sun fito ne daga manhajojin da ake kulawa da su sosai, ta biyun ma ta Google ce. To in mai lura ma ana iya cin sa, mene ne amfanin lura? Amsar ita ce shari'a ba ta taɓa neman mai riƙon amana ya ba da tabbacin sakamako ba. Abin da ta nema shi ne ya yi abin da mai hankali yake yi da kayansa. Wanda aka ci ta inda babu wanda ya sani, ƙaddara ce ta same shi, ba ya biya, ba ya da zunubi. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga Sarg da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, aka yi masa maganar ƙaddara, sai ya nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take, kamar makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da busasshe. Abin lura shi ne labarin annobar ya riga ya iso masa. Kafin labari ya zo, shiga Sham ba ganganci ba ne. Bayan ya zo, hukunci ya sauya, alhali ƙasar ita ce dai, annobar ita ce dai.

Da wannan ma'auni ana iya raba alhakin TimThumb ba tare da zalunci ba. Gillbanks ya yi kuskure, amma ya ba da kyauta, bai karɓi ajiyar kowa ba, ya gyara da aka nuna masa, ya kuma yi shela ranar da ya ajiye aikin. Ban ga abin da ya rage a wuyansa ba, kuma al'ummar da ke cin gajiyar aikin sa-kai tana zagin mai yinsa idan ya yi tuntuɓe ba ta yi adalci ba. Masu sayar da riguna da suka karɓi kuɗi, suka ji shela, suka yi shiru ba su sanar da masu saye ba, hukuncinsu na mai ɓoye aibin haja ne. Mai gina shafin da ya san an daina kula da abin da ya liƙa, ko ya kasance sanin yana gabansa bai duba ba, shi ne mai sana'ar da kaya suka lalace a hannunsa. Mai shafin da aka gaya wa ana bukatar kuɗin kulawa ya ce a bari sai an ga matsala, ya ɗauke nauyin daga kan yaron ya ɗora wa kansa. Dokar ƙasa ma ta nufi nan: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyin tsaro a kan wanda ya tara bayanan, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu su. Ɓoye kutse don gudun kunya cin amana ne na biyu, domin ya hana uban yaro damar ya yi hattara da baƙuwar lambar da za ta kira shi.

Tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, ga makarantu masu zaman kansu da asibitoci da ƙungiyoyi, bayanan mutanen ƙasar nan sai ƙara hawa intanet suke yi, kuma matasan garin ne za su riƙa gina shafukan. Ga mai makaranta ko shugaban ƙungiya, a kira wanda ya gina shafin a wannan makon, ya rubuto sunan duk abin da ya liƙa da ranar da aka sabunta kowanne, a goge wanda ba a amfani da shi, a daina neman bayanin da ba a bukata, a kuma sa kuɗin kulawa cikin kasafin shekara. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, ya ci gaba da karɓar fom a takarda ya kulle a kabad, ya fi masa sauƙin hisabi.